Ni ne na Goma a Kan Sibani

Lahadi, 5 ga Maris

Taro a garejin Baba Shezi. Kujeru ba su ishe mu ba, ni a kan taya kamar kullum. Zakhele direba ya ce ai mai faci ba ya rabuwa da ofishinsa.

Goɗiyarmu Sibani za ta fito sukuwa ran 18. Fitowarta ta biyu ke nan tun da mu goma muka haɗa hannu muka saye ta. Kati biyu kacal filin sukuwa ke ba ƙungiya irin tamu, na shiga zagayen da ake kewayawa da dawakai kafin a hau su. Mai kati ne ke tsayawa a kan ciyawa, ya gaisa da mahayi, in ta ci ya kama linzami ya shigo da ita a gaban jama'a. Mu da shekaru muke bi, babba kafin ƙarami. Baba Shezi da Mam' Gwala mai fanke sun yi nasu. Ni ne na goma.

Zakhele ya ce, "Kai jela ce rabonka, yaro, ita ma gashin ƙarshe." Na taya su dariya. Shi fa na tara ne, tare za mu shiga.

Har yau hannuna bai taɓa jikinta ba.

Asabar, 18 ga Maris

Ta zo ta ƙarshe. Ba kusa da ƙarshe ba, ta ƙarshe.

Ina jikin shinge cikin jama'a aka wuce da ita. Ba ta kai girman da take a hoto ba. Ja ce, farin goshinta ya ɗan karkata hagu. Ba ta son lasifika, da mai sanarwa ya buɗe baki sai ta kwantar da kunne ɗaya. Na kira sunanta a hankali. Wani tsoho a gefena ya ce nawa na zuba a kanta. Na ce ban zuba ba, tawa ce. Ya dube ni tun daga takalmi har kai, ya ce shi ma jirgin ruwan can da ke bakin teku nasa ne.

Talata, 21 ga Maris

Mam' Gwala ta hana Zakhele fanke saboda ya ce a kai Sibani jan amalanke. "Wanda ya zagi 'yata ya karya da iska."

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ta zo ta uku! Muryata ta dishe. Saura fitowa ɗaya, sai tamu.

Laraba, 10 ga Mayu

TA CI.

Ni kuma ina tasha, rabin jikina a cikin tayar tirela. Ranar aiki ce, maigida ba zai sake ni ba. Na jingina waya a kan jak na ƙure murya. Ban ji sunanta ba har kusan ƙarshe, sai kawai mai sanarwa ya fara Sibani, Sibani, Sibani kamar ba shi da wata kalma. Na yi ihu har mai tirelar ya zo a guje, ya ɗauka taya ce ta danne ni.

Da yamma aka turo hoto. Ɗan ƙungiyarmu Baba Moonsamy ne ke riƙe da linzami, mutumin da ke tsoron ko akuya. Da yatsa biyu ya kama, ya janye jiki kamar an ba shi mataccen ɓera. Layinsa ne, ba ni da ta cewa. Na daɗe ina kallon wurin da hannunsa yake.

Asabar, 27 ga Mayu

An sa rana: 24 ga Yuni. Ni da Zakhele.

Na sayi kwat a gwanjon Warwick, ruwan toka, hannun ya ɗan yi tsawo. Na kira Mama a ƙauye na faɗa mata. Ta ce sa'o'ina na tara shanun aure, ni ina can na sayi ƙafar doki. Can kuma ta ce a ɗauke ni hoto sosai, in tsaya a miƙe, kada in rankwafa yadda na saba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Misis Lategan mai horar da Sibani ta zo taro da kanta. Na tarar da motarta a ƙofar gareji.

Jijiyar ƙafar gaba ta dama ta ɗauki zafi tun ranar da ta ci. Ta ce in aka fito da ita ran 24, mai yiwuwa ba abin da zai faru. Mai yiwuwa kuma jijiyar ta tsinke tana cikin gudu, ƙafar ta tafi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa dokin da ya faɗi haka a fili, kashe shi ake yi. Akwai wani mai gona a Mooi River da ke son ta don haihuwa, a cikin watan nan yake son amsa.

Mu ba ma ɗaga hannu a ƙirga. Magana ake yi daga babba zuwa ƙarami har baki ya zo ɗaya, in mutum ɗaya ya ƙi an fasa. Takwas suka ce a sayar. Zakhele ya ce, "Ni na yafe layina. In tsayuwa kan ciyawa nake so, ga ta nan a bakin titi."

Sai aka juyo kaina. Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina ya ce, "Layina ne."

Baba Shezi ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Gaskiyarsa. Mu takwas mun shiga mun fito, shi bai taɓa tsallake kowa ba. In bai ce a sayar ba, za ta fito ta yi gudu."

Da na so su yi mini faɗa.

A bakin mota Misis Lategan ta ce mini, "Qiniso ko? Ban taɓa ganinka a barga ba." Na ce ai layina bai zo ba. Ta yi sakato. Ashe barga ba ruwanta da kati! Kowace safiyar Lahadi ƙofa a buɗe take ga masu doki. Duk watannin nan ni na ɗauka can ma sai babba ya shiga kafin ƙarami, ban tambaya ba, ba wanda ya faɗa.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ba wanda ya tayar mini da zancen. Zakhele ma ya daina tsokanata, ya kawo taya ya biya ya tafi. Mam' Gwala ta ƙara mini fanke ɗaya a takarda ba ta dube ni ba.

"Mai yiwuwa ba abin da zai faru." Misis Lategan ce ta faɗa, ba ni ba. Shi nake ta juyawa.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na roƙi maigida safiyar yau. Mota biyu na hau zuwa bargar da ke Shongweni, sauran da ƙafa, hazo ya rufe tudu.

Mai kula da Sibani dattijo ne, Tata Vuyisile. Na same ta tsaye da ƙafa ɗaya a cikin bokitin ƙanƙara, tana cin ciyawa kamar ba a kanta ake magana ba. Da ya cire ƙafar ya goge ya bari ta huta, sai ya ce in sa hannu a nan, sannan a ɗayar. Ta hagu sanyi. Ta dama, duk da ƙanƙarar, ɗumi ne ke tasowa daga ciki kamar burodin da aka fitar yanzu.

Ta sauko da kai ta cusa hanci a wuyana. Ina jin warin roba ta ji, don ta yi atishawa ta jiƙa mini riga. Tata ya yi dariya ya ce, "Ta gaishe ka, maigida." Leɓenta laushi. Numfashinta warin dusa. Ban san iya lokacin da na yi tsaye ba.

Na ce, Tata, in aka fito da ita za ta yi gudu?

Ya ce, "Za ta yi gudu har ta faɗi. Irinta ba su san a daina ba. Shi ya sa ake ba su masu su."

Litinin, 12 ga Yuni

Na biya gareji kafin aiki na ce a sayar.

Baba Shezi ya tashi tsaye ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da sunan gidanmu, Bhungane, yadda ake kiran mahaifina. Na san girma ne. Amma ni ba shi nake so ba, ciyawar nake so. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Asabar, 24 ga Yuni

Aiki. Ban kunna waya ba.

Lahadi, 9 ga Yuli

Sibani ta tafi tun makon jiya. Tata ya aiko a faɗa mini ta shiga mota ba gardama.

Yau an kawo zancen wani ɗan doki baƙi da Misis Lategan ta gani, bai taɓa fitowa sukuwa ba. Layi zai koma daga sama, haka tsarin yake. Zakhele ya ce, "Na goma, kana ciki, ko jelar ta ishe ka?" Na ce ni na gama da doki. Mam' Gwala ta ce to, a bar yaro ya huta.

Aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu, kowa na yabon baƙinsa da wuyansa. Da ta zo hannuna na ja hoton ƙasa na buɗe shi sosai. Ƙafafun miƙaƙƙu ne. Ta baya ta hagu kamar ta ɗan juya waje, amma mai yiwuwa tsayuwa ce, hoto ba ya faɗar gaskiya, sai an sa hannu.

Ban ce ina ciki ba. Na dai faɗa wa maigida daga yanzu ba na aikin safiyar Lahadi.