Ba Ladi Ba Ce, Kawu

Zuwa ga Kawu Bala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin ladabi, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can daji. Umma da Abba suna nan ƙalau.

Ka yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Na san sau ɗaya kake fitowa gari a mako biyu, kuma saƙonnin manyan malamai ne suke jiranka, ba na 'yar sakandare ba. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa. A waya ba zan iya ba, domin duk ranar da ka kira, Umma takan ƙure muryar wayar ta ajiye ta a kan teburi kowa yana ji, ni kuma daga "Ina wuni, Kawu" sai maganar ta maƙale mini. Shi ya sa na sa ta a nan, a ɗan shafin intanet da ka buɗe mini don kada Hausata ta gudu. Ba zan ambaci sunan dajin ba, ko na jami'arka.

Maganar Ladi ce. Ka san farkon labarin fiye da ni, amma ka bar ni in bi shi daki-daki, in ba haka ba zan tsorata in tsallake inda ya kamata in tsaya.

Ka tuna zuwana Birmingham na farko? Hutun tsakiyar zango ne. Hukumar gari ta rufe wurin da muke zuwa bayan makaranta, Umma kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta son in wuni ni kaɗai. Sai ta sa ni a bas daga Manchester, ka tare ni a tasha da laima mai karyayyen ƙarfe. Ɗakinka na Selly Oak yana can ƙuryar sama, bangon yana tsattsafo da danshi, ka rufe shi kaf da hotuna. Na ce damisa ce. Ka ce a'a, 'yar uwarta ce ta Kudancin Amurka, sunanta jagwa. Ka kama yatsana ka ɗora a kan hoton, ka ce in duba: zanen damisa zobe ne fanko, na jagwa kuwa akwai ɗigo a cikin zoben.

A ranar ka koya mini cewa kowace jagwa da zanenta, kamar zanen babban yatsan mutum, kuma ba ya canzawa har ta mutu. Na hagu daban, na dama daban. Shi ya sa kuke ɗaure kyamara biyu a jikin bishiyoyi suna kallon juna, duk dabbar da ta ratsa ta tsakani su ɗauke ta. Daga nan sai a zauna a gwada hoto da hoto, a san wace ce ta wuce, ina ta kai, tana raye ko ta ɓace.

Umma ta sha yi maka tsiya a kan aikin nan. Takan ce, "Mutumin da kyanwar maƙwabta ke kora daga tsakar gida, wai shi ne zai bi damisa har bangon duniya." Kai kuma sai ka yi dariya ka ce kana yaro ka ga makiyaya suna zuba guba a mushen saniya don kuraye, kuma rigimar ɗaya ce a can da nan: mai shanu da naman daji. Ka ce in ka koyi yadda ake sasanta su a can, za ka kai ilimin gida.

Ambulan uku ka ba ni. A kan na farko ka rubuta "Ita ce", na biyu "Ba ita ba ce", na uku "Ban sani ba". Ka ce, "Malama Safiyya, kada ki ji kunyar na ukun nan. Mai bincike da ba shi da shi, kada ki yarda da sauran biyun nasa." Ba wanda ya taɓa kira na malama sai kai. A makaranta ko amsa na sani ba na ɗaga hannu, amma a ɗakin nan nakan wuni ina magana.

Cikin dukan dabbobin da ke bangon, Ladi ce taka. Ranar Lahadi kyamara ta fara ɗaukar ta, tana 'yar ƙarama tana bin uwarta. Ka nuna mini rayuwarta hoto bayan hoto: ga ta tana iyo a bayan uwar, ga ta da ƙoƙon kunkuru a baki ta fasa shi, ga ta bayan kusan shekara biyu ta rabu da uwar ta kama nata yanki a bakin kogi. Daga nan sai hotunan suka ƙare. A daminar shekarar an kashe wa masu shanun da ke maƙwabtaka da dajin 'yan maruƙa, kuma ka san abin da sukan yi idan haka ta faru. Ba ka taɓa cewa ta mutu ba. Sai dai ka bar fili a bango bayan hotonta na ƙarshe, ba ka liƙa komai a wurin ba.

Yanzu na zo inda nake tsoro.

Zuwana na ƙarshe kafin ka koma daji, ka dawo da azahar daga aikin ɗaure kwalaye da kake yi tun asuba. Idanunka sun yi ja, tabaranka an naɗe ƙafarsa da salatif. A makon malamin da ke duba aikinka ya ce maka babin ƙarshe na kundin digirinka ba shi da nauyi. Sababbin hotuna sun iso daga wani dajin daban, wanda ke ƙetaren gonar masu shanun nan. A cikinsu akwai na wata mace, ɓangaren hagu, ruwan sama ya ɓata gilashin kyamarar, ciyawa ta rufe mata rabin kafaɗa. Ka miƙo mini ka ce idonka ya gaji, in ara maka nawa.

Na ajiye shi kusa da na Ladi. A cinya akwai zobe uku a jere, kamar nata. A kafaɗa ban ga komai sosai ba. Kawu, wallahi a zuciyata na san wurinsa ambulan na uku ne. Har na ɗauko ambulan ɗin. Sai na waiga na gan ka zaune a bakin gado ka haɗa kai da gwiwa, shinkafar da Umma ta aiko maka tana gefe ta huce ba ka taɓa ba. Na ce, "Ita ce." Ka ɗago ka ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

Ka karɓa ka daɗe kana dubawa. Na ga yatsanka ya tsaya a kan zoben ukun nan na cinya, bai hau kafaɗa ba. Sai ka yi sujada a nan kan darduma, ka tashi kana share ido. Ka ja ni muka fita Bristol Road cikin yayyafi ka saya mini kaza da dankali, kana ta bayani da baki cike: idan Ladi ta isa wancan dajin, to ta bi ta siririn layin bishiyoyin da ke bakin kogi a cikin gonar shanun ke nan, kuma wannan shi ne dalilin da za ka kai wa masu gonar don kada su sare shi. Ban taɓa ganin ka da farin ciki irin na ranar ba. Na ci kazar nan har ƙashi.

Da Sallah ka zo gidanmu a Longsight, ka faɗa a gaban kowa a falonmu cewa 'yarka ce ta gano dabbar da ta ɓace. Hajiyar Kumasi ta gidan kusa da mu ta cire mayafi sabo daga jakarta ta yafa mini, tana cewa ashe shiru-shirun nan ba na banza ba ne. Abba, wanda kullum maganarsa in karanci haɗa magunguna, ya dube ni wani irin kallo da ban saba gani ba. Na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunya ce. Mayafin yana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa sa shi ba.

Bana malamar kimiyya ta ce kowa ya kawo aikin bincike na kansa. Na ɗauko kwafin hotunan nan biyu daga cikin waɗanda ka bar mini, na kai laburaren unguwarmu, domin kwamfutarsu ce mai babban allo. Na faɗaɗa kafaɗar, na ɗora farar takarda mai shara-shara a kai na bi zanen da fensir. A gefen ciyawar akwai zobe ɗaya da ya fito fili. Na Ladi a wannan wurin ɗigo biyu gare shi, kuma bakinsa a buɗe yake ta ƙasa. Na wannan ɗigo ɗaya ne, a rufe ruf.

Na ce ko haske ne. Na ce ko don ta lanƙwasa jiki ne. Laburaren yanzu kwana biyu kawai yake buɗewa a mako, don haka sai in jira, in koma, in sake zanawa da sabuwar takarda, ina addu'a a hanya Allah ya sa in ga ɗigo na biyu. Mako uku ina haka. A na ƙarshe na sami wani zoben a ƙasan haƙarƙari wanda Ladi ba ta da shi sam.

Ba Ladi ba ce, Kawu. Kuma ba kuskure na yi ba. Da kuskure ne da na fi samun sauƙin faɗa. Ka tambaye ni ko na tabbata, na san ban tabbata ba, na ce maka na tabbata.

Ranar Lahadin da ta wuce ka kira, na ji kana gaya wa Umma cewa wata mai zuwa za ka zauna da masu gonar, za ka haska musu hotunan biyu a bango, bayan nan kuma ka miƙa babin ga jami'a. Umma ta ce, "Ga mai idon nan tana jin ka." Na tashi na shiga kicin na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin yin shiru. Na ce wa kaina ai bishiyoyin za su tsira, kuma wa zai je ya ƙirga ɗigo a ƙarƙashin ciyawa? Amma idan ni da fensir a laburare na gani, wani ma zai gani. Idan ya gani a gaban masu gonar, ko a gaban malaman da za su yi maka tambayoyi, ba za su ce Safiyya ce ba. Za su ce duk shekarun da ka yi kana shan cizon sauro a daji haka aikin yake. Idan kuma ka cire hoton, ban san me zai rage maka ka nuna musu ba, kuma wataƙila su sare layin. Ko ta ina na juya, ni ce na jefa ka a ciki. Ina tsayawa salla sai in rasa raka'a nawa na yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne filin nan na bango. Na san ka liƙa hoton a wurin kafin ka tafi. Yanzu sai ka cire shi, kuma ban san ko Ladi tana raye ba. Ka riga ka yi jimaminta sau ɗaya, ga shi na sa za ka sake.

Abu ɗaya kawai nake da shi da zan ba ka, shi ma ƙarami ne. Wannan ta hoton jagwa ce ta gaske, mace ce, kuma tana can ƙetaren gonar. Daga wani wuri ta fito. Na gwada ta da duk kwafin da ke hannuna ban same ta ba, amma kaɗan ne a wurina, kai kana da sauran. Na ɗauki hoton zane-zanen da na yi da fensir na tura maka ta imel, na sa alama a kan zobban biyu. Don Allah kada ka dogara da idona a wannan karon ma. Ka ba da hotunan ga wani wanda bai san Ladi ba, wanda kuma bai damu da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba.

Ban gaya wa Umma ba tukuna. Ranar Juma'a idan Abba ya dawo daga masallaci zan faɗa musu su biyun, sannan in kai wa Hajiya mayafinta.

Allah ya tsare ka daga macizai da zazzaɓi da sharrin kogi. Allah ya ba ka hujjar da ta fi wadda na lalata maka, ya tausasa zukatan masu gonar. Idan Ladi tana raye, Allah ya bi da ita ta gaban kyamararka. Idan ba ta nan, Allah ya ba ka haƙuri. Ni kuma ya yafe mini, ya sa kai ma ka iya yafe mini, ko ba yanzu ba.

Ba na roƙon ka sake ba ni hoto in duba. Abin da nake roƙo bai kai wannan ba. Ina so in san yadda zaman zai ƙare, kuma akwai abubuwa da yawa da ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan. Idan ka ce in daina, zan daina, ba kuma zan ga laifinka ba. Amma ranar da ka fito gari, idan ka ga za ka iya, ka bar mini ko kalma ɗaya a ƙasan wannan shafi. Ka yarda in sake rubuto maka, Kawu?

'Yarka,
Safiyya
Longsight, Manchester