Littafi Na Biyar

Ferrara, 3 ga Maris

Zuwa ga Gwaggona Fiorenza,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya da iyali a can Melbourne. Allah ya ƙara lafiya da kwanciyar rai. Mu duk ƙalau muke. Ƙafar Baba ta warke, Mama tana nan tana fama da taliyar kabewarta. Ki yi haƙuri, ban taɓa rubuto miki ba, wannan ma sai da na yaga uku.

Maganar Kaka Ermanno ce ta hana ni sukuni. Shekara hamsin yana rera waƙoƙin mutanen da, yana jagorantar mawaƙa, yanzu ya ce bayan Ista zai yi taronsa na ƙarshe. Yana so ya rufe da waƙar nan mai murya biyar, wadda ya kwafo da hannunsa daga littafin cocin ƙauye kafin ambaliya ta cinye shi. Kin san yadda muke yi: a kewaye tebur, kowace murya da littafinta. Huɗu suna nan. Na biyar, in ji Baba, yana akwatinki tun ranar da kuka saɓa da Kaka kika tafi.

Kullum Kaka yana safa da marwa, ya rubuta abin da ya tuna na murya ta biyar, ya soke. Sinyora Delfina, tsohuwar cikinmu mawaƙa, ta ce masa jaki ma ya fi shi jin magana, ya ɗaga waya ya kira ki kawai. Ya ce gara a rera da huɗu. Da muka gwada, muna zuwa inda muryarki ke shiga, sai ya ɗaga hannu wajen kujerar da babu kowa, hannun ya tsaya a sama. Babu wanda ya iya kallonsa.

Ni aka ce zan ɗauki muryar. Ga jarrabawar makaranta, ko shafi ɗaya ba ya shiga kaina. Gwaggo, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kaka bai san na rubuto ba, kuma saura mako shida. In kin aiko littafin, zan yi iyakar ƙoƙarina. Sai dai jiya na ja kujerar zan zauna, ya ce in ɗauko wata daga ɗakin girki, wannan da mai ita.

Ki gaida mini Baba Tullio, da Renzo, da 'yar auta Gemma.

'Yarki mai jiran amsa,
Nives