Layi Biyun da Kawu Ya Bari Babu Rubutu

Trondheim, 12 ga Mayu

Zuwa ga Kawuna Eilif,

Kawu, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka ba tare da an sa ni ba. Ni ce Runa, autar ƙanwarka Torunn. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar jana'izar Kaka Arnfinn, ina 'yar shekara tara, kuma ko gaisuwar kirki ban yi maka ba, a bayan Mama na ɓuya. Yanzu shekarata goma sha shida, amma kunyar tana nan yadda ka bar ta. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko duk na yayyaga.

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da matarka Anti Pilar. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka aikin gyaran injinan jiragen ruwa a can Valparaiso. Mu nan lafiya lau muke. Ƙanƙara ta narke, mun kusa fara jarrabawa. Mama tana nan tana fama da aikin asibiti, Baba kuma da gwiwarsa. Kaka Gudrun ta ƙi riƙe sanda, wai ta tsofaffi ce, kuma har yanzu duk Lahadi sai ta toya mana wainar fulawa mu ci da cuku. A littafinta na kwafi adireshinka, tana gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Maganar da ta sa na rubuto ta Yaya Sunniva ce da wata waƙa taka. Ban sani ba ko an gaya maka cewa Yaya tana da rukunin makaɗan jaz, su biyar, suna kiran kansu Ƙanƙarar Afrilu. Ita ke kaɗa fiyano, Halvard yana busa saksofon, Yonas yana kan ganguna. Kiɗan nasu jaz ne, amma a ƙarƙashinsa akwai bugu mai nauyi irin na rawa, wani daga na'ura, wani kuma Yonas ya koya wajen iyayensa 'yan Eritriya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutanen da ke zuwa jin su. 'Yan ajinmu da ke cewa jaz kiɗan ɗakin jiran likitan haƙori ne, yanzu su ke roƙona in tambayo musu ranar wasa. Na tambayi wata ƙawata abin da ya ja ta, ta ce ita tana son ganin yadda makaɗan ke kallon juna suna dariya, kamar su ma ba su san inda waƙar za ta kai su ba. Direban bas ɗin unguwarmu kuwa cewa ya yi kansa bai gane komai ba, amma ƙafarsa ta gane. Ina rubuta irin waɗannan amsoshi a bayan littafin lissafina, har yanzu dai ban kai ga fahimta ba.

Baba bai yarda da su ba. Ka san shi da ɗabi'ar tsohon kulob ɗinku na jaz: a zauna shiru, ko cokali kada ya taɓa kofi, sai mai busa ya gama nasa sannan a tafa. Yana kiran kiɗan Yaya disko mai digiri, ita kuma tana kiransa shugaban 'yan shiru na ƙasa baki ɗaya. Duk da haka bai taɓa fashin zuwa wasansu ba, wai yana zuwa ne ya ga iyakar ɓarnar.

A hunturun da ya wuce muna kwashe kaya a saman gidan Kaka, sai Yaya ta ci karo da wata takardar kiɗa a cikin gwangwanin biskit, da rubutun hannunka, ka sa mata suna "Ta Mama". Kaka ta ce shekarar da za ka bar ƙasa ka rubuta ta, kuma sau ɗaya tak ka busa mata ita da ƙahonka a kicin. Yaya ta kai wa abokanta suka koya. To a tsakiyar takardar akwai layi biyu da ba ka rubuta komai ba, sai sunanka kawai a samansu. Ni na ɗauka mantuwa ka yi. Yaya ta yi mini bayani cewa haka 'yan jaz ke yi, a bar wa mutum fili ya ƙirƙiro nasa nan take, kuma sunan da ke sama shi ne mai filin. Halvard ya ce shi zai cike, Yaya ta ce ba sunansa aka rubuta ba. Ya ce in dai wannan ce matsalar, gobe da safe zai je ofis a canza masa suna. Ta ce ko ya canza, hancin nasa zai tona shi. A ƙarshe suka yarda cewa idan an zo wurin kowa zai sauke hannu, Yonas kaɗai zai riƙa taɓa bakin ganga da sanda a hankali har layi biyun su wuce.

Ranar Lahadin makon jiya, da ƙarfe uku na rana, suka kaɗa ta karo na farko a gaban jama'a, a tsohon rumbun ƙera jirage da ke bakin ruwa. Mutane sun kai ɗari huɗu, duk a tsaye, har da masu keken jarirai. Kaka kaɗai muka kai wa kujera. Da aka zo layi biyun nan, makaɗan suka sauke hannu. Waɗanda suka san jaz suka yi tsit. Amma yawancin mutanen ba su san wannan al'ada ba, sun saba da wasannin da idan mawaƙi ya yi shiru to jama'a yake so su karɓa. Sai wata mata mai jariri a ƙirji ta fara rera amon waƙar ba kalmomi, na kusa da ita suka kama, kafin in juya rumbun gaba ɗaya ya ɗauka. Baba ya waiwaya da yatsa a leɓe yana sa wani ƙato mai takalmin roba na masu aikin kifi ya yi shiru. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce masa, tsoho, in ba ka iya ba bi ni a hankali. Na ga bakin Baba yana motsi bayan nan, ko da yake ya rantse tari yake yi.

Yaya kuwa ta zuba wa jama'a ido, hannuwanta a kan cinya. Ni ina durƙushe kusa da Kaka, sai na ji ita ma tana rerawa, amma nata daban ne da na kowa, yana hawa sama a hankali sannan ya gangaro. Da na tambaye ta daga baya, ta ce abin da ka busa ke nan a wannan wurin ranar a kicin, shekara ashirin da biyu ke nan. Ban san ta riƙe shi ba, Mama ma ba ta sani ba.

A mota aka yi ta musu har gida. Baba ya ce kuskure ne na jahilci, an shiga filin mutum ba sallama. Yaya ta ce laifinta ne da ba ta yi wa jama'a bayani ba. Kaka ta ce su biyun duk sun cika surutu, ita dai ta ji daɗi.

Ga inda matsalar take, Kawu. A ƙarshen Yuni za su haɗa faifansu na farko, kuma an ɗauki sautin wannan rana. Abokan Yaya suna so a sa waƙar taka da muryoyin mutanen yadda suke. Yaya ta ce ba za a sa ba sai da izininka, kuma ba za ta nemi izinin ba. Tana da shekara goma sha biyar ranar jana'izar, kuma ta ji ka kana gaya wa Baba cewa jaz ɗin da ake rawa da hira a kansa ya zama kiɗan kasuwa. Ta ce gara ta rasa waƙar da ta ji ka faɗi haka a kanta. Na roƙi Kaka ta yi maka maganar idan ka bugo waya, ta ce ita ba ta shiga tsakanin makaɗa. Idan ba a ji daga gare ka ba kafin ashirin ga Yuni, za a cire waƙar. A kunnena kuwa ita ce ta fi duk sauran.

Ina da tambayoyi, in ba rashin kunya ba ne. Da ka rubuta sunanka a saman layi biyun, kana nufin ba mai shiga sai kai, ko kuwa don lokacin kai ne a wurin? Idan mutanen da ba su san doka ba suka cike filin, jaz ne suka yi ko wani abu daban? Kuma har yanzu kana da ƙahon? Mama ta taɓa ce mini kada in kuskura in tambaye ka wannan, amma ba ta san ina rubutun ba, Yaya ma haka.

Ina roƙonka ka ba su izini. Kalma ɗaya ta isa, ko ta bakin Kaka ce a waya. Idan kuma a'a ce, ka gaya mini ni, ba Yaya ba. Ni na jawo, ni zan nemi hanyar gaya mata, kuma ba zan ce da ita ka faɗi wani abu a kan kiɗanta ba.

Kaka Gudrun tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula. Na san Mama da Baba da Yaya Sunniva da sun gaishe ka in da sun san da wasiƙar, don haka na isar a madadinsu. Ka gaishe mini da Anti Pilar, ina fatan wata rana in gan ta ido da ido.

Abu na ƙarshe, Kawu. Ko amsarka ta zama a'a, ka yarda in sake rubuto maka? A gidanmu kowa yana da abin da yake kaɗawa ko abin da yake kushewa, ni kaɗai ce mai tambaya, kuma sun fara gajiya da ni. Ba zan sake ɗaukar biro da sunanka ba sai ka ce in ɗauka.

'Yar ƙanwarka mai girmama ka,
Runa