Kada Ka Taɓa Hon

Vukašin,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Na gano abin da ke kashe motar, kuma ba fetur ba ne kamar yadda ka dage.

Na jona kwamfuta, ta ce lafiya lau. Na girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya, injin ko gezau. Sai da gwiwar hannuna ta danne hon, nan take ya mutu. Na gwada sau uku, biyu ya mutu.

Ƙaton hon ɗin da Kawu Milutin ya ɗaura saboda bikin ƙanwarmu, a wayar ƙwaƙwalwar injin ya jona shi, wai shi gwani! Soket ɗin har ya narke, in na ja shi motar ba za ta sake tashi ba. Na tafi garin Užice neman sabo.

In ban dawo kafin ɗaukar amarya ba, ka tuƙa haka. Duk ayarin za su yi ta hon har coci, su yi maka tsiya. Ƙyale su, kai dai kada ka taɓa naka. Akwai layin dogo a hanyar, kuma ƙanwarmu ce a bayanka.

Yayarka,
Radojka