Ni Ma Ban Zana Fuska Ba

Gobarau, Katsina
Lahadi

Zuwa ga Sada Cindo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina gajiya, ina aiki? Ya Gwaggo da ƙafar tata? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ita nake gaisarwa da zuciya ɗaya, kai dai ladabin wasiƙa ne ya sa ka samu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali tsakanin gidanmu da Ƙofar 'Yandaka ba wata tafiya ba ce. Ka san tun bara na rantse bakina ba zai ƙara yi maka magana ba, kuma ban shirya yin kaffara saboda kai ba. Na tambayi malami, ya ce alƙalami ba baki ba ne.

Jiya na ga katin gayyata na baje kolin zane-zane na bana a Cibiyar Al'adu. Ashe zanen nan za ka sake ratayawa? "Mahaukacin Gobarau." Sada, ka ji tsoron Allah! Kawunka ne fa, wan uwarka, Malam Mudassir hedimasta, wanda ya riƙe ka a gidanmu tun kana ƙarami, ya saya mana fentinmu na farko ni da kai. Da gigin tsufa ya kama shi, mu muka san irin ɓoyon da muka yi don kada gari ya gani. Rana ɗaya ya kuɓuce mana, ka tsince shi a gindin hasumiya babu riga, takalmi ɗaya a hannu, ya buɗe laima ba ruwa ba rana. Ka dawo da shi gida, Inna tana kuka tana sa maka albarka. Ashe kafin ka kama hannunshi sai da ka tsaya ka ɗauke shi hoto a waya. Bayan ya rasu ka zauna ka zana shi, ka rataye a bango aka yi maka tafi.

Tun daga nan Inna ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Duk inda ta zauna sai an samu mai cewa, "Ashe haka Malam ya ƙare?"

Ka sauke zanen nan, ka kawo mana shi gida. Roƙo nake yi yanzu, kuma ba ni da niyyar yin na biyu.

Ka huta lafiya.
Ɗiyar kawunka,
Fadila Mudassir

*

Ƙofar 'Yandaka
Talata

Ranki ya daɗe, taubashiyata, sarauniyar fushi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Gwaggonki na amsawa, ta ce ki zo ki ci tuwo ki daina kumbura fuska. Ina gaida Inna da kyau da kyau.

Wallahi na yi dariya da maganar alƙalami ba baki ba ne. Ke dai tun muna yara ba a raba ki da dabara.

To, maganar zane. Haba Fadila! Ke fa malamar zane ce, kina koyar da 'yan mata a makaranta, ya kamata ki fi kowa gane aikin. Kin duba hasken da ke sauka a kafaɗarshi? Baƙi daga Abuja sun tsaya gabanshi sun kasa tafiya. Kuma mi na yi na laifi? Ban rubuta sunanshi ba. Baya ya juya, ban zana fuska ba. In mutane sun gane laimar nan mai jan faci, laifina ne da ya yi shekara da shekaru yana zuwa makaranta da ita?

Batun saukewa kuwa, an riga an buga shi a kati, shi ne zai tari baƙi a bakin zaure. Mahaifin Nafisa ma zai zo, kin san an sa mana rana, ina so ya ga irin surukin da zai samu.

Ki sassauta. Ni da ke taubasai ne, ɗan mace da ɗiyar namiji. Tsakaninmu duk abin da ya faru wasa ne, ba a riƙo. Ki zo buɗewar, zan ajiye maki kujera a gaba.

Naki ko kin ƙi,
Sada Cindo

*

Gobarau
Alhamis

Sada,

Salamu alaikum. Ina gaida Gwaggo.

Na karanta, kuma na gode da tunin da ka yi mani. Lallai mu taubasai ne, kuma wasa ba a riƙo. Madalla. Ka riƙe wannan maganar da kyau, don za ka buƙace ta.

Ban taɓa kai aikina Cibiya ba, amma bana na kai. Madam Peace mai kula da baje kolin ta karɓa, ta kuma yarda a rataye shi dab da naka, a lulluɓe har sai an buɗe taro.

Kada zulumi ya hana ka cin abinci, bari in ɗan ɗanɗana maka. Ka tuna wata safiya a ƙofar gidanmu? Kana ajin farko na sakandare, ƙato da kai, amma kullum sai an shanya tabarmarka. Tsofaffin unguwa suka ce ai mai fitsarin kwance maganinshi ɗaya ne: a ɗora mashi jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, a ɗaura mashi kwaɗo a ƙugu, yara su bi shi suna kiran amalala. Ni ina leƙe ta zaure. Ban manta komai ba, har launin kwaɗon.

Na sha wahalar hasken da ke sauka a tabarmar, amma ya fito. Ina fata mahaifin Nafisa mai son zane ne.

Wassalam.
Fadila

*

Ƙofar 'Yandaka
Juma'a

Fadila,

Sallama. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Kin haukace ne? Wannan wace irin mugunta ce? Na je Cibiya na yi juyin duniya Madam Peace ta ɗaga mani ƙyallen, ta ce ƙa'ida ba ta yarda ba. Ko barci ban iya yi.

Ke kin san mi wannan ranar ta yi mani. Sai da na yi shekaru ban iya bi ta layin nan ba. Yanzu ina da ɗalibai, ana kirana Malam, ga aure a gabana. So kike a riƙa nuna ni da baki a cikin Katsina? Wanda na zana ya riga mu gidan gaskiya, ba ya ji ba ya gani. Ni kuwa da raina!

Nawa zanen ba zai sauku ba, na gaya maki an buga kati. Amma zan canza mashi suna, in cire "mahaukaci", in sa duk abin da kike so. Ki janye naki, don girman Allah, don zumunci. In kin ƙi, zan kai ƙararki wajen Gwaggo da Inna, kowa ya ji.

Ina jiran amsa kafin gobe.
Sada

*

Cibiyar Al'adu, Katsina
Litinin

Zuwa ga Malama Fadila Mudassir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da dukan gida. Na nemi wayarki ba ta shiga, shi ya sa na rubuto. Tun da ba ki zo buɗewar ba, ya kamata ki san abin da ya faru, kuma akwai shawarar da ke jiranki.

Zaure ya cika ranar Asabar. Malam Sada yana tsaye kusa da zanensa da wani Alhaji da aka ce mahaifin wadda zai aura ne, sai share gumi yake. Da na janye ƙyallen naki, jama'a suka taru a gabansa.

Kin san ni 'yar Filato ce, ban san wannan al'ada ba. Lokacin da kika kawo shi, abin da na gani kawai shi ne wani dattijo ya juya baya, ya durƙusa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe wani yaro da ita tun daga kai har gwiwa. Ga tabarma a yashe, ga kwaɗo yana tsalle da igiya a ƙafa, ga yara sun ja da baya. Ba a ganin komai na yaron sai hannu ɗaya da ya fito ya damƙe wuyan rigar. A gefe kuma ga baƙar laima mai jan faci ta faɗi ƙasa. Gaskiya na ga yatsu shida a hannun yaron, amma na ɗauka kuskure ne, na ji nauyin gaya miki.

Wani tsoho da ya ce shi ɗalibin mahaifinki ne ya matso. Ya dubi laimar da ke naki, ya dubi wadda ke na Malam Sada, ya ce, "Wannan ai Malam Mudassir ne, nan da can." Sai ya sa tabarau ya ƙirga yatsun da ƙarfi. Da ya kai shida, ya sunkuya ya karanta sunan da ke ƙasan ɗaya zanen, ya ce, "Cindo." Ashe sunan da ake sa wa mai yatsu shida ke nan.

Malama, ba wanda ya yi dariya. Da dariyar aka yi, ina jin da ya fi masa sauƙi. Kowa dai ya juya yana kallon hannun hagun Malam Sada, shi kuma ya tura shi cikin aljihu. Tsohon ya ce masa, "Yaro, shi ya tuɓe rigarsa ya rufe ka, kai kuma ka tuɓe shi ka rataye?" Alhajin da ke tare da shi ya tsaya ya daɗe yana kallon zanen biyu, sannan ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Kafin la'asar Malam Sada ya sauke nasa da kansa, ya naɗe a zani, ya ce gidanku zai kai. Yau da safe ya dawo yana roƙo in sauke naki. Na ce masa ba ni da wannan iko sai da izinin mai shi. Yanzu ƙusa ce kawai a gefen naki, mutane kuma sai tambaya suke me ke rataye a wurin da.

Me kika ce? A sauke ko a bari?

Allah ya ba mu alheri.
Taki,
Peace Ayuba

*

Gobarau
Talata

Taubashina, Malam Sada,

Salamu alaikum. Ina gajiyar taro? Ina gaida Gwaggo.

Saƙo ya iso, an ce a zaure ka ajiye ka juya. Inna ta sa an kai shi ɗakin Baba an kulle. Jiya kuma ta yafa mayafi ta ce in raka ta Cibiya, fitarta ta farko ke nan. Ta tsaya gaban nawa ta daɗe, sannan ta juya ta ce wa matan da ke wurin, "Mijina ne wannan." Da ƙarfi ta faɗa.

Don haka na gaya wa Madam Peace a bar shi har ranar rufewa.

Na ji kana cewa na tona maka asiri. Ni? Ban rubuta sunanka ba. Ni ma ban zana fuska ba. In mutane sun iya ƙirga, laifina ne?

Kada ka riƙe ni a zuciya. Wasa ne.

Ka huta lafiya.
Ɗiyar Malam Mudassir,
Fadila