Hannun da Ya Rufe Ruwan

Litinin, 3 ga Maris
Malam yana asibiti. Ciwon ƙafar nan da ya raina, wai ƙwayar cuta ta shiga jini, jininsa ya yi ƙasa. Sun sa masa ruwa, leda na ƙarewa ana ɗaura wata. Babbar 'yata nas ce a ɗakin, hankalina ya ɗan kwanta.

Talata, 4 ga Maris
Likita ya kwantar da kan gadon, ya ɗaga ƙafafun Malam sama, idonsa na kan na'ura. Ya danna masa farce. Ya duba ledar fitsari, ko cokali bai cika ba. Sai ya ce a tsayar da ruwan, a koma wani magani. 'Yar tawa ce ta murɗe shi ta rufe. Da hannunta. Na ce, "Ubanki ne fa." Ta ce, "Na sani, Umma."

Alhamis, 6 ga Maris
Ya tafi. Allah Ya jiƙansa.

Lahadi, 9 ga Maris
Masu gaisuwa sai sa mata albarka suke, wai ta yi wa mahaifinta hidima. Ni na ga hidimar. Mutum leɓensa duk ya tsage, a hana shi ruwa? Ko kazar gidana ban taɓa yi wa haka ba. In ta shigo ɗaki sai in kama carbi.

Laraba, 19 ga Maris
Ta ritsa ni a kicin. Wai ɗaga ƙafar gwaji ne, da zuciyarsa na neman ƙarin ruwa da sun gani. "Huhunsa ruwan yake cikawa, Umma. Da mun ci gaba, a kan gado zai nutse." Na ce 'yan boko dai ba ku rasa ta cewa. Na ci gaba da wanke tukunyar da na riga na wanke.
Ƙirjinsa kam yana ta ƙara ranar, kamar ruwa na tafasa. Na ji. Ban gaya mata ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Ƙanwarta ta tsegunta min wai yayar tata za ta bar aikin. Ko ledar ruwa ba ta iya taɓawa yanzu. To ta bari, ina ruwana. Malam ne ya yi ta alfahari da farar rigar aikin nan tata, har makwabta suka gaji da ji.

Lahadi, 30 ga Maris
Na goge rigar, na rataye mata a ƙofa. Ban ce na yafe ba. Ta yamutse ne, kuma gobe Litinin.