Littafin da Na Fara ta Baya

Daren Laraba, Kwandiko

Sakamakon jarrabawar 'yata Hauwa ya fito yau. Lissafi ya sake kayar da ita, karo na biyu ke nan, kuma makarantar ungozoma ta Birnin Kudu ba ta ɗauka sai da shi. Ta zauna bakin murhu ta ce, "Inna, na haƙura. Kaina ba na boko ba ne. A sa ni ɗinki kawai."

Shekara uku take wannan buri, ni kuma ban iya lallashi ba. Sai na shiga ɗaki na ɗauko mata littafina na farko na yaƙi da jahilci. Ta buɗe, ta ga shafi fari fat.

"Ina rubutun?"

Na ce ta juya ta baya. Yadda muke buɗe Alƙur'ani haka na fara shi, daga dama. Malama ta yi ta gyara mini, amma wata biyu hannuna yana komawa can, matan ajin suna dariya. Ina da shekara talatin da takwas lokacin, ga goyo.

Hauwa ta yi dariya har da hawaye. "Inna, wannan rubutu ne ko tonon kaji?"

Na ce, "Mai kajin ce ta karanta sakamakonki yau da kanta."

Ba ta ce za ta sake rubuta jarrabawar ba, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Amma ta ce in tashe ta da asuba, kafin a ɗora koko. Littafina ma ta tafi da shi ɗakinta, ba ta dawo mini da shi ba.